Idon da Ya Rage Masa

"Ido ɗaya shari'ar Musa ta ba ka, ɗana, ba dangi guda ba," in ji dattijon da ke hukunci a ƙofar Hebron.

Ni kuwa so nake in ƙone gonar inabinsu, in yanka tumakinsu kaf. Dutsen majajjawar ɗan'uwansu, baƙon makiyayin nan, shi ne ya fasa wa amaryata ido ɗaya.

Na ce, "Baba, miƙo wuƙar kawai."

Na karɓe ta, na fizge mayafin da ya rufe fuskar makiyayin. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kaɗai ke kallona.

Dattijon ya damƙe hannuna. "Ita har yanzu tana ganinka. In ka cire wannan, shi wa zai gani? Ba haka ya yi mata ba."

Na caka wuƙar a ƙasa, ina kukan baƙin ciki.