Hannun Kiwo

"Goggo, wai da gaske ne akwai wanda Allah bai ba shi hannun kiwo ba?"

Shafa ce, ƙanwar maigidana, ta yi tambayar. Ina bayan danga ina wanke-wanke, su suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, ba su san ina ji ba. Na kuwa san da ni take. Sau biyu ina zuba kaji a gidan nan, sau biyu suna ƙarewa. Na farko shirwa da muzuru suka raba, na biyu ciwo ya kwashe. Har maigidan ya ce ran Juma'a zai rushe akurkin, ya samu wurin ajiye babur. Na ƙyale shi da shawararsa. Ni dama magana ba ta cika fito mini ba.

Goggo Tasalla, yayar mahaifinsu, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Ke dai bakinki ya fi hannunki sauri. Ci gaba da ɓara, in ba ki misali."

Ta ce a wata unguwa an taɓa yin yayin kiwon kaji. Wani manomi ne ya fara. Ya sayo ƙaton zakara a wata kasuwa mai nisa, gashi har ƙafa, in ya yi cara sai ka ce daga cikin randa yake yi. Ranar da ya kawo shi ya sake shi cikin kajinsa, bai ko keɓe shi ya ga lafiyarsa ba. Nan da nan kowa ya zama mai kiwo. Tela ya yi akurki, mahauci ya yi, mai shayi ma ya yi. Da la'asar sai a taru a ƙofar gidan manomi, kowa da kazarsa a hammata yana neman iri, ana ta gardamar wa ya fi sanin kaji. Wata maginiyar tukwane da ke ƙarshen layi ita ma ta kai 'yar fingin kazarta, aka yi ta dariya, wai zakaran ma zai ji kunya. Ashe zakaran da ciwo ya zo. Kaji suka fara gyangyaɗi, wuya na murɗewa, kowace safiya sai an fita da mushe a kwando. Tela ya mai da akurkinsa wurin ajiye gawayi. Mahauci ya rantse shi da kaza sai dai a tukunya. Manomi kuwa ya ce ai unguwar ce ba ta karɓar kiwo.

Kazar maginiya ce ta ƙarshe, don tana kwance a lungu kan ƙwai huɗu. Ta mutu saura 'yan kwanaki ta ƙyanƙyashe. Matar ta taɓa ƙwan, ta ji da sauran ɗumi, ga shi duk unguwar babu kazar da za a sa wa. Sai ta ɗauko tukunya ta zuba ƙaiƙayi, ta jera su ciki, ta rufe da tsumma, ta ajiye gefen tokar da ta gasa tukwane. Da bayan hannu take auna zafin. In ya yi yawa ta ja baya, in ya huce ta matso da ita, tana juya su yadda ta ga uwar na yi da baki. Ta bar zuwa kasuwa, barcinta ya koma rabi. Uku suka zama baragurbi, ɗaya daga cikinsu ma ya fashe ya cika mata ɗaki da wari. Na huɗun ya tsage, 'yar tsako ta fito a jiƙe, kamar ba za ta kwana ba. Maginiya ta ƙone tsohon akurki, ta rene ta da tsaki da gara. Da kazar ta isa, ta aro zakara daga ƙauye, ta ɗaure shi bayan ɗaki sai da ta tabbatar lafiyarsa lau. Ba a yi shekara biyu ba, duk mai neman kaji masu gashi a ƙafa gidanta ake nuna masa. Waɗanda suka yi dariyar nan su ne ke cewa, ai ita Allah ya ba ta hannun kiwo. Ba wanda ya san da tukunyar ƙaiƙayi.

Shafa ta ce, "Kai Goggo, ai wannan wahala ce, ba hannu ba."

"Yo da kina zaton hannun na zinariya ne?"

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Akwai wata jar kaza tawa da kowa ya ɗauka muzuru ya tafi da ita. Jiya na gan ta bayan tarin kara, ta lafe a kan ƙwai. Niyyata in faɗa wa maigidan yau a kamo ta a yanka, in huta da surutu. Sai na ɗebi tsaki da ruwa a kasko, na zaga ta bayan madafi, na tsuguna na ajiye mata. Ta buɗe gashi tana gurnani, ba ta ko motsa daga kan ƙwan ba. Kusa da ita ga tsohuwar randar nan da ta tsage, wadda aka jefar tun bara. In an rushe akurki ran Juma'a, ita ma ɗaki ce.

Daga nan ina jiyo Goggo tana kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, tana rufe zance: "Shi ya sa Bahaushe ya ce, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare."

Na gyara karan yadda na same shi. Maigidan ba zai ji ba, Shafa ba za ta ji ba, ko Goggo ba zan faɗa wa ba. In 'yan tsakin sun fito, kukansu ya ba da labari.