Sabon Kuloci a Tsohuwar Bas

Kai da kake cewa ƙarfi ne maganin tsufa, gyara zama ka ji misalin wani direba. Mutumin nan yana da wata tsohuwar bas, ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa, da ita yake kai mutanen ƙauyensu da buhunan albasarsu kasuwar Laraba. A hanyar akwai wani hawa bayan gada, to nan ne shekarun motar suke bayyana. In kaya ya yi yawa sai inji ya yi ta ruri mota ba ta gaba, kuloci ya kama sulɓi, ƙauri ya cika ciki. Da ya ji haka sai ya tsaya a sa dutse bayan taya, maza su sauka su taka, mata da tsofaffi su zauna, a lallaɓa a haye. Mutanen ƙauye sun saba, a wannan tattakin ma ake gama cinikin albasa. Shi kaɗai abin ke ci wa rai, don samarin direbobi sukan wuce shi suna danna hon, har wani ya taɓa leƙowa ya ce, "Baba, a turo maka jaki?" Direba ya yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna masa a rai.

Ran da kulocin ya ƙare ƙaf, ya kai ta gareji aka sauke giyar motar, ya sa tsohon faifan kulocin a buhu kamar yadda ake yi, ya tafi da shi kasuwar kayan gyara don a gwada. Mai shago ya dubi samfurin, ya ajiye masa saiti biyu a kan benci, kowanne da faifansa da murfinsa da boris. Ɗaya irin na jikin motar ne sak, mai laushi. Ɗayan na wata mota ce da aka ƙera don dakon kaya, ramukan noti sun zo daidai, amma kamunsa irin na kada ne, in ya cafke ba ya saki. Mai shagon bai ɓoye masa ba, ya ce, "Maigida, duka biyun za su shiga, sai dai giyarka ta ga jiya ta ga yau, mai laushin ne tsaranta." Direba ya juya wannan, ya juya wancan. Ba araha yake nema ba, ka ji, mai ƙarfin ma ya fi tsada. Hawan bayan gada kawai yake gani, da fuskar saurayin nan mai zancen jaki. Ya ce a ɗaure masa mai ƙarfin.

To, a faɗi gaskiya, abin ya yi daɗi da farko. Larabar da ta biyo baya ya iso hawan, maza har sun fara tattare riguna za su sauka, ya ce kowa ya zauna. Mota ta yi gurnani ta haye, ba ƙauri ba sulɓi, matan baya suka rangaɗa guɗa. Wallahi ranar ji ya yi an mayar masa da ƙuruciyarsa. Abin da bawan Allah bai lura da shi ba, wancan sulɓin da yake jin kunyarsa, da shi motar take gaya masa ta gaji. In kaya ya fi ƙarfinta, kuloci ne ke ɗaukar wahalar, ya ƙone kansa ya bar giya lafiya. Yanzu kuwa an toshe mata baki. Tunda bai ji ƙauri ba sai ya ƙara buhu, mako ya zagayo ya ƙara wani, har saman motar ya yi tozo, kuma duk fizgar da ya yi kai tsaye take sauka a kan tsofaffin haƙoran giya. Rannan a tsakiyar hawan sai aka ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, mota ta tsaya cik, ta fara ja da baya. Allah ya kiyaye birki ya kama, mutane suka dire suna salati, ba wanda ya ji ciwo. Shi ko ya daɗe riƙe da sitiyari bai sauko ba, don ya san wannan ƙarar ba ta kuloci ba ce.

Ya zaga Kano, ya zaga Kaduna, ya aika har kudu. Ina! Irin giyar nan an daina kawo ta tuntuni, waɗanda suka rage a garejoji kuma sun fi tasa lalacewa. Albasa ba ta jiran kowa, mutanen ƙauye suka koma motocin samari, ba don sun ƙi shi ba. Daga ƙarshe 'yan gwangwan ya kira, ya tsaya yana kallo suna kwance motar. Inji ya gaji, giya ta zama gari, abu ɗaya tak aka ciro lafiya lau, sabon kulocin nan, ko gogewa bai yi ba. Babbansu ya ɗaga shi yana juyawa, ya ce, "Kai, Baba, ai ka iya zaɓe!" Direba ya juya ya kama hanyar gida. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.