Shafin Lantana

Tun da aka kafa dokar shafi ɗaya, kowace waya da shafin intanet ɗin da aka yi mata rajista da shi take buɗewa. Ta Malam Barau da shafin marigayiya Lantana, matarsa, take buɗewa, inda ta saba tallan daddawa. Kullum da safe muryarta kan ce, "Kun tashi lafiya?"

A ofis ma'aikaciya ta ce, "Baba, masu shafin hukumar noma kaɗai ake ba taki. In kun sauya, nata zai goge, don ku kaɗai kuka rage a kansa."

Ya tuna jikoki huɗu da ke cin gonarsa. Ya dangwala yatsa.

Washegari wayar ta buɗe da ranar rabon taki. Ya ɗan jira.

"Lafiya lau," ya ce, sannan ya ɗauki fartanya.