Farar Lambar Malam Gambo

A zamanin nan titi da kansa ke yanka tara. Ka tsaya inda aka hana, lambar motarka ta yi ja, kuɗin inshora ya ninka.

Shekara talatin lambar Malam Gambo tana fara tas. Ranar Laraba yana tafe da matarsa Asabe, sai ga masu makara a bakin titi, sun rasa hanyar tsallakawa.

Ya taka birki.

"Malam, inshorar fa! Da me za mu biya?"

"Bari bawan Allah ya wuce, Asabe."

Lambarsa ta rine. A madubi ya ga motoci suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, iya ganinsa, kowace tana yin ja. Ba wanda ya danna hon.