Tsagar Allon Suraj

Ƙwallo ta huɗu na faɗawa raga Suraj ya yi jifa da kwantirola, ta daki bango. Shagon wasan kwamfuta ya kaure da ihu, har masu sayar da waake, wato shinkafa da wake, a bakin titi suka leƙo. Haris, direban Pragiya, babur mai ƙafa uku, daga unguwar Krofrom, wanda ko a mafarki bai taɓa cin Suraj ba, ya miƙe yana rawa.

Rabon da a ci Suraj a wannan shago na Zongo tun wani kashi da ya sha yana ɗan makaranta. Injinsa na kusa da taga ne, ba mai zama a kai sai shi. Allon yana da wata tsaga: in 'yan ƙwallo suka ruga a guje, sai hoton ya rabu biyu, sama da ƙasa su goce wa juna. Sauran injuna biyar hotonsu sumul. Shi kuwa da tsagar yake taƙama, wai da allo mai lahani ma lallasa mutane yake.

Kansa ya kumbura sosai. Ana gab da wannan gasa ta cin kofi ya sa aka goge rubutun ƙofa, aka cire sunan yayarsa Rafi'atu, wadda ta buɗe shagon ta haɗa injunan da hannunta, aka rangaɗa nasa da jan fenti. A gaban samari ya ce mata don shi ake zuwa, ta koma teburinta na sayar da katin waya. Ta ɗauki kujerarta ta fita bakin ƙofa.

To, yanzu ga gwani an yi masa huɗu da nema. Suraj ya rantse an yi wa injinsa wani abu. In ba haka ba, ta yaya Haris zai riƙa riga shi kai wa kowace ƙwallo? Da ya waiga ana tsakiyar wasa, har tsagar nan ya hango a allon Haris, abin ya ƙara tunzura shi, kamar wani ya sa rigarsa bai tambaye shi ba.

Ya rufe shago. Abinci ma ya gagare shi. Ba kofin ne ya dame shi ba, sunansa ne, don yara sun fara kwaikwayon rawar Haris in ya wuce. Ya ce sai Haris ya durƙusa a gaban jama'a ya amsa maguɗi, sannan ƙafarsa ba za ta sake taka shagon ba. Ya kira Sheriff, wani mai gyaran kwamfuta daga unguwar Atonsu, ya kuma aika wa duk wanda ya kalli gasar ya dawo bayan la'asar. So yake kunyar ta kai girman ihun da aka yi masa.

Shago ya cika har waje. Haris ya zo da tsoro a fuskarsa, ya raɓe a jikin bango.

Sheriff ya zauna a injin taga, ya buɗe nan ya rufe can. Daga nan ya tashi ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Suraj yana biye da shi kamar mai jiran a zuba masa abinci.

Da ya gama, ya yi wa jama'a bayani. Ana iya ƙayyade wa inji hotuna nawa zai fitar a daƙiƙa. Akwai kuma wani makulli, bisink, mai sa hoto ya jira allo kafin ya fito. In an kunna shi tsaga takan ɓace, hoto ya yi kyau, amma sai ka danna ɗan wasanka ya ɗan makara. A wasan ƙwallo, wannan ɗan makarar ita ce komai.

"To faɗa musu me aka yi wa nawa," in ji Suraj.

"Massa, naka ba wanda ya taɓa koraa, ko kaɗan," in ji Sheriff. "Biyar ɗin nan ne aka canja, safiyar gasa. Da a ɗaure suke a hoto talatin, ga bisink a kunne. Yanzu duka shidan daidai suke."

Can wani ya ce lallai ranar ya ji hannunsa ya yi sauƙi. Wani ya ƙunshe dariya, ta kufce masa.

Suraj ya yi tsalle ya shaƙe wuyan rigar Haris. Sheriff ya shiga tsakani, ya ce a sake shi, ba mai iya taɓa wurin nan sai mai lambar sirrin injunan. Suraj ya buɗe baki, sai ya tuna shi kansa bai taɓa sanin lambar ba.

Daga bakin ƙofa, ƙarƙashin jan fentin, Rafi'atu ta miƙa wa wata mata katinta, sannan ta juyo.

"Ni na kwance su, ƙanena," ta ce. "Ai ni na ɗaure su dama, ranar da aka ci ka kana yunifom, ka zo kana mini kuka."