Bencin Bayan Laburare

A bayan laburaren jami'a akwai wani benci, tsakanin tankin ruwa da tsohuwar katanga, ba kowa ya san da shi ba. Nan saurayin ya tarar da budurwarsa tana karatu. Ya zauna, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, so nake in turo magabatana."

Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen shafin.

"Gidan wa? Jiya da yayarka ta tambaye ka, cewa ka yi ni 'yar ajinku ce kawai."

"Kunya ce ta kama ni."

Ta dube shi daga takalmi har hula, ta taɓe baki.

"Shekara biyu kana ɓoye ni a nan kamar kayan sata. Ɗan ajinmu, matsa, ka tare min haske."