Mai Tashi Daga Makara

Matar ta kwanta rigingine bisa wani siririn katako, ƙafafu a haɗe, hannuwa a gefe, ƙanƙara ta zarce da ita.

Tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu, tana kallon matar a talabijin. Tun da Shari'a ta zo aka rufe gidan kallon ɗanta, ya maido talabijin gida.

"Mi ya kashe ta?"

"Da ranta, Inna," in ji ɗanta. "Ba ta mutu ba. Tsere ne. Bajamushiya ce, shekara goma tana cin kofi a haka."

Tsohuwa ta san wannan kwanciya. Shekara talatin tana wankan gawar mata, daga Ƙaura har Zurmi. Kwana tara ke nan da ta wanke ɗiyarta, wadda ta rasu wurin haihuwa, kuma har yau hawaye bai zo ba.

A ƙarshen hanya matar ta tashi zaune, ta cire hular kwano tana dariya.

"Kullum haka take tashi?"

"Kullum, Inna."

Tsohuwa ta daɗe tana kallo.

"Ita ba a ɗaure mata ƙafafu ba," ta ce. "Tawa kuwa da hannuna na ɗaure. Har ƙulli biyu na yi."